Tasirin madatsun wutar lantarki da sauyin ɗumin ruwa a kan kifin kogi

Madatsar ruwa takan sauya abubuwa uku a rayuwar kifi: hanyar da yake bi, lokacin da ruwa ke cika, da kuma ɗumin ruwan da iskar oksijin da ke cikinsa. Katangar ita ce idon kowa ke gani, amma ɓarnar da ta fi yawa tana tattare da irin ruwan da ake saki da lokacin sakinsa.

A Najeriya manyan madatsun wuta su ne Kainji (1968) da Jebba a kan kogin Neja, da Shiroro (1990) da Zungeru a kan kogin Kaduna. Na jihar Kano kuwa, wato Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da Challawa ta 1992, an gina su ne domin noman rani da ruwan sha. Maganar samar da lantarki daga baya ta shigo. Ga kifi dai duk ɗaya ne, tunda kogin da aka tare ya zama tafki.

Yadda tafki ke rabuwa hawa-hawa

Jikin kifi ba ya riƙe ɗumi, yanayin ruwa yake bi. Idan ɗumi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, buƙatarsa ta oksijin takan kusa ninkawa, alhali ruwan ɗumi bai riƙe oksijin kamar na sanyi: kimanin miligiram 9 a kowace lita a digiri 20, ya sauko wajen 7.5 a digiri 30.

Da bazara, rana takan dafa saman tafki mai zurfi. Ruwan ɗumi ba shi da nauyi, sai ya tsaya a sama, mai sanyi ya kwanta a ƙasa, su daina cuɗanya. Ganyaye da matattun halittu suna ruɓewa a ƙasan, suna cinye oksijin har ya ƙare, wani lokaci a sami iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda guba ce ga kifi. Matsalar ita ce bakin bututun da ke kai ruwa ga injin yawanci a ƙasa yake, don haka wannan ruwan ne ke fita zuwa kogi.

A ƙasashen sanyi, sanyin ruwan ne babbar illa. Madatsar Glen Canyon ta Amurka ta shafe shekaru tana sakin ruwa mai kimanin digiri 8, har kifayen asali na kogin Kolorado suka kasa hayayyafa a wurare da dama. A ƙasar Hausa tazarar sama da ƙasa 'yan digirori ce kawai, saboda haka ƙarancin oksijin ya fi sanyi haɗari. Sai dai da hunturu lissafi kan juye: saman tafki ya huce, iska ta motsa shi, ruwan ƙasa ya taso ya gauraya da na sama. Idan juyin ya zo farat ɗaya, akan wayi gari kifi na hamma a saman ruwa, wasu sun mutu. Masu kiwo a keji su suka fi asara, don kifinsu ba shi da wurin gudu.

Kowane kifi da juriyarsa. Karfasa ta fi girma tsakanin digiri 27 da 30, tana daina hayayyafa idan ruwa ya sauka wajen 20, tana fara mutuwa ƙasa da 12. Tarwaɗa na iya shaƙar iska daga sarari, shi ya sa take tsira inda giwan ruwa zai halaka.

Cikar kogi da fadama

Yawancin kifayen yankin da damina suke saka ƙwai. Ruwan sama ya sa kogi ya cika ya gurɓace, sai tarwaɗa da bargi da kawara su fantsama cikin fadama, inda ciyawa ke ɓoye 'ya'yansu kuma abinci ya wadata. Madatsa tana riƙe wannan cikar, ta riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan har cikin rani. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, kuma tun bayan gina Tiga ambaliyar da ke shayar da fadamar Haɗeja da Nguru ta ragu. Ruwan da ba ya ƙafewa da rani kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, masunta suka rasa wuraren jefa birgi. A tafkin kansa, masu son ruwa kwantacce irin su karfasa sukan yawaita, masu ƙaura su ja baya. 

Injin ma yana kisa. Farfelarsa na sarar manyan kifaye, saurin faɗuwar matsin ruwa kuma yana fasa jakar iskar da ke cikinsu. Idan ana kunna inji da yamma a kashe da asuba, ruwa yakan hau ya sauka cikin sa'o'i, ya bar ƙwai da ƙananan kifi a kan yashi.

Gyara

Akan yi wa madatsa bakunan ɗibar ruwa a zurfi daban-daban domin a gauraya na sama da na ƙasa, kamar yadda aka ƙara wa madatsar Shasta ta Amurka a 1997. Akan hura iska cikin ruwan da ke fita, a sa raga a bakin bututu, a kuma buɗe ƙofofi sannu a hankali. Matakalar kifi, wato hanyar ruwa mai hawa-hawa da ake ginawa don kifi ya haye madatsa, an fi tsara ta don kifin Turai da Amurka mai ƙarfin tsalle, ba lallai ta dace da namu ba. A kogin Haɗeja, matakin da ya fi tasiri shi ne sakin ruwa mai yawa a Agusta da Satumba daidai da cikar damina, wanda ke buƙatar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta daidaita rabon ruwa tsakanin manoman Kadawa, famfunan birnin Kano da masuntan da ke ƙasa.