Da wane ruwa kika haɗa maganin yaron nan?

Tun da damina ta kankama, da wuya mako ya wuce ba a dawo mini da yaron da na sallama da maganin tari ko na ciwon kunne ba, ga shi yanzu yana gudawa. Uwar za ta dire kwalbar a kan teburina ta ce, "Malama, maganin nan bai karɓe shi ba." Tambayata guda ce: da wane ruwa kika haɗa? Na randa. "Ai shi muke sha, garau yake."

E, wani maganin kan sa cikin yaro ya ɗan saki, na sani. Amma ruwan randar nan ya ishe ni, iyayena mata, wallahi ya ishe ni.

Bari ku ji wahalar da ake sha a kan ruwa kafin magani ya fito daga kamfani. Ko ruwan famfo ba a yarda a zuba a magani yadda yake. Sai an bi da shi ta cikin yashi, an bi da shi ta cikin gawayi na musamman, an cire masa sinadaran da ya kwaso daga ƙasa, sannan inji ya matsa shi da ƙarfi ta wata matata mai ƙofofin da ko gishiri da ƙyar yake ratsawa. Ana haska shi da wata fitila mai kashe ƙwayoyin cuta. Na allura kuwa, yawanci sai an mai da shi tururi an sake tara shi, a riƙa zagaya shi da zafinsa cikin bututun ƙarfe marar tsatsa, ba a bari ya kwanta, domin ruwan da ya kwanta shi ƙwayar cuta ke so. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana duba wannan kafin ta ba magani lamba.

To me ya sa amoksisilin na yara yake zuwa gari a kwalba? Domin in ya haɗu da ruwa ba ya daɗewa yake lalacewa. Sai kamfani ya bar miki aikin ƙarshe. Ke ce za ki ƙarasa haɗa maganin, a tsakar gidanki. Sun yi duk waccan wahala, ke kuma kin ɗauki modar da yara suka yar a ƙasa, kin tsoma a randar da rabonta da wanki an kwana biyu, kin tsiyaya a kwalbar jinjiri ɗan wata shida da zazzaɓi ya riga ya kayar. Haba, Inna!

Kuma kowa ya san halin da rijiyoyinmu ke shiga a watan Agusta, musamman mu na bakin kogin Haɗeja. Ruwa ya malala, ya shafe masai, ya gangara rijiya. Daga nan kwalara da taifot suke samun hanya. Wata ta ce mini ta sa alif. Alif yana kwantar da laka ne, amma ba ya raba ruwa da ƙwayoyin cuta gaba ɗaya. Ruwa ya yi fes ba shi ne ya tsarkaka daga cuta ba. Ko na tuƙa-tuƙa ne, in ya bi ta jarka da randa da moda, to a tafasa.

Na san itace ya yi tsada, na san aiki ya yi muku yawa, ga surfe ga goyo ga gona. Ba na raina ƙoƙarinku, Allah ya sani, uwar da ta tako da ƙafa daga ƙauye da yaro a baya ba sakaci ne ya kawo ta ba. Amma ruwan da kwalba ɗaya ke buƙata bai cika kofin shayi ba. Garwashin da kika sauke tuwo a kai ya isa.

Ga yadda za ki yi, ki riƙe:

- Tafasa ruwa a tukunya mai tsabta, ya yi ta ɓararraka minti 1 cur.
- Rufe shi ya huce sarai. Ruwan zafi yana kashe maganin.
- Wanke hannu da sabulu, girgiza garin, zuba ruwa kaɗan ki girgiza, sannan ki cika daidai layin da ke jikin kwalbar. Kada ki wuce layi don ya yi auki.
- Ajiye a wuri mai sanyi. Yawanci bayan kwana 7 sai zubarwa, ba a ajiye wa ƙani.
- ORS kuwa, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, ƙunshi ɗaya a lita 1 na ruwan da aka tafasa ya huce. In ya kai awa 24, a zubar a haɗa sabo.

Sai ku masu kemis da masu bin gida kuna allura. Na ga wanda ya zuƙi ruwan leda a sirinji ya narka garin allura. Ku ji tsoron Allah! Ko tafasasshen ruwa bai halatta ya shiga jijiya ko tsoka ba, domin ƙwayar cuta ko ta mutu tana barin dafin da ke sa jiki rawa da zazzaɓi mai zafi, ga kuma ƙurjin da ke tara mugunya a ɗuwawun yaro. Ruwan allura yana nan a 'yar rufaffiyar robarsa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Maigida, in za a yi wa ɗanka allura, ka tsaya a ɓalle sabuwa a gabanka.

Wadda kuma ba ta gane layin kwalbar ba, ta tafasa ruwanta a gida, ta zubo a wankakken kwano mai murfi, ta kawo asibiti mu haɗa tare.