Waiwaye: Fosca, mummunar macen da ta ƙi barin Italiya ta manta da ita

A fim ɗin Passione d'amore, wanda daraktan Italiya Ettore Scola ya fitar a 1981, ana daɗewa ba a ga fuskar Fosca ba. Abin da ake fara gani shi ne gurbinta babu kowa a teburin cin abincin hafsoshi. Sai kuma ihu daga saman bene, irin wanda ke sa baƙo ya saki cokali, amma sauran mutanen teburin ko ɗaga kai ba su yi, don sun saba. Baƙon shi ne kyaftin Giorgio, saurayi kyakkyawa da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa wani barikin lungu, ya baro masoyiyarsa Clara, matar wani, a birni. Aka ce masa mai ihun 'yar'uwar kanar ce, ba ta da lafiya, kuma ba ta da abokin hira sai littafi. Ya aika mata da nasa littattafan don ladabi. Ladabin nan ne ya ja masa.

Ranar da ta sauko, ya ga mace ƙashi da rai, goshi ya yi baya, haƙora a waje, idanu manya sun cika fuska. Masu sharhi da yawa sun kwatanta kwalliyar da aka yi wa Valeria D'Obici, 'yar wasan da ta fito a matsayin Fosca, da ta dodon nan mai shan jini na tsohon fim ɗin Jamus, Nosferatu. Fosca ta kamu da son Giorgio, ta zame masa ƙarfen ƙafa. Ya guje ta, ta bi shi. Ya gaya mata gaskiya, ta faɗi ciwo. Likitan bariki ya roƙe shi ya yi mata ƙaryar so ko ta rayu. Daga ƙarshe shi ne ya je ɗakinta da ƙafarsa, suka kwana tare, ya fita ya yi fito-na-fito da kanar a kan mutuncin gida, ita kuma ta mutu bayan 'yan kwanaki.

Labarin ya girmi fim ɗin da shekara 112, kuma ba daga tunani kaɗai ya fito ba.

Marubucinsa Igino Ugo Tarchetti ne, haifaffen San Salvatore Monferrato a yankin Piemonte, a 1839. Ya shiga aikin soja a sashen kula da kayan masarufi, daidai lokacin da ake ɗinke Italiya ta zama ƙasa ɗaya, abin da ya tabbata a 1861. A Milan ya yi soyayya da wata matar aure. A 1865 aka tura shi Parma, inda ya haɗu da wata mace 'yar'uwar shugabansa a wurin aiki, mai fama da farfaɗiya, wadda ta kusa kabari. Alaƙarsu ta zama abin tsegumi, kuma a shekarar ya ajiye kakin. Ya koma Milan ya riƙe alƙalami, ya rubuta har da wani labari mai sukar aikin soja, Una nobile follia, wanda bai yi wa manya daɗi ba a ƙasar da ke tutiya da sabuwar rundunarta.

A Milan ɗin ya faɗa cikin wani gungun matasan marubuta da masu zane da ake kira Scapigliatura, wato masu hargitsattsen gashi. Sunan ya bazu ne ta wani littafin Cletto Arrighi na 1862. Su Emilio Praga da 'yan'uwa biyu, Arrigo da Camillo Boito, duk 'yan wannan majalisa ne. Sun taso suna jin waƙar haɗa kan ƙasa, da aka haɗa ta sai suka tarar da 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis ne suka gaje ta. Haushin wannan ya sa suka juya wa adabin dattako baya, suka koma karanta marubutan ƙetare irin su Baudelaire da Poe da Hoffmann, suna rubutu a kan ciwo da gawa da hauka. A wurinsu kyau da ruɓa 'yan gida ɗaya ne. Duk wanda bai san wannan ba zai ɗauka Fosca labarin tausayin mummuna ne, alhali Tarchetti ciwo yake rubutawa.

Ko sunayen sun nuna. Clara na nufin mai haske a harshen Latin, Fosca kuma mai duhu a harshen Italiya. Giorgio ne ke ba da labarin da bakinsa, bayan shekaru, kamar mai lissafin yadda wata cuta ta ci shi. Yana ramewa Fosca na farfaɗowa, kamar tana zuƙar lafiyarsa. Bayan mutuwarta sai ga shi da irin ciwonta. Amma Tarchetti bai mai da ita mayya zalla ba. Ya ba ta tarihi: iyaye sun shagwaɓa ta har ba ta san yadda duniya ke kallonta ba, wani mayaudari mai kiran kansa basarake ya aure ta, ya cinye dukiyar gidansu ya gudu. Ya kuma ba ta kai, ta fi duk hafsoshin teburin karatu da kaifin baki, ta san sarai cewa mace marar kyau a zamaninta ba ta da wata kasuwa. Namiji mummuna na iya neman suna a fagen yaƙi ko a majalisa. Ita ba a bar mata ƙofa ko ɗaya ba sai ta a so ta, ita ce kuma aka kulle.

An riƙa buga labarin kashi-kashi a jaridar Il Pungolo ta Milan a 1869. Tarchetti bai ga ƙarshensa ba. Tarin fuka ya riga ya ci ƙarfinsa, zazzaɓin taifus ya ƙarasa shi a watan Maris na shekarar, bai cika 30 ba. Babi ɗaya ya rage bai rubuta ba, kuma shi ne babin daren da Giorgio da Fosca suka kwana tare. Abokinsa Salvatore Farina ne ya cike giɓin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wurin da ya kamata marubucin ya nuna ko Giorgio so yake ko an fi ƙarfinsa ne, nan ne hannunsa ya tsaya, wani ya karɓa. Duk waɗanda suka ɗauki labarin daga baya a kan wannan daren suka rabu.

Kafin Scola, sinimar Italiya ta riga ta leƙa rumbun masu hargitsattsen gashi. A 1954 Luchino Visconti ya yi Senso daga gajeren labarin Camillo Boito, inda wata mai sarauta a birnin Benis ta haukace a kan kyakkyawan hafsan Ostiriya a shekarar yaƙi ta 1866, har ta ba shi kuɗin da aka tara don gwagwarmayar ƙasa. A can ma mace ce mai naci, namiji ne abin so. Bambancin shi ne kyakkyawar 'yar wasa Alida Valli ce ta fito a matsayin matar, kuma mai kallo ba ya wahalar yafe wa Alida Valli. A 1971 Visconti ya sake komawa Benis da labarin Thomas Mann, dattijo yana bin kyan wani yaro da ido har annoba ta kashe shi. Duk a waɗannan, kyamara na tare da mai so, tana nuna maka abin da ya ruɗe shi har kai ma ka ruɗu.

Scola ya juya lissafin. Shi dama mutum ne mai wasa da muni. A 1976 ya ci kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Cannes, a Faransa, da Brutti, sporchi e cattivi, ma'ana munana, ƙazamai, mugaye, a kan wani iyali a unguwar 'yan share-wuri-zauna ta Roma. A shekara ta gaba ya ɗauki kyakkyawar tauraruwa Sophia Loren ya sa mata tsohuwar rigar gida da fuskar gajiya a Una giornata particolare. Da ya zo kan Fosca tare da abokin rubutunsa Ruggero Maccari, sai ya tsaya a zamanin littafin, farkon shekarun 1860, da dawakai da kakin soja da fitilun mai, ya ɗauko ɗan wasan Faransa Bernard Giraudeau a matsayin Giorgio, Jean-Louis Trintignant likita, Massimo Girotti kanar, Armando Trovajoli kuma ya yi kiɗa.

Matsalar da ya fuskanta ba ta taɓa damun Tarchetti ba. A takarda, in an ce mace mummuna ce, kowane mai karatu zai zana munin daidai yadda zai iya jurewa, in ta fara magana mai ma'ana ma ya ɗan gyara mata fuska a ransa. A allon sinima babu wannan sassauci. Dole a zaɓi hanci da haƙori, a haska su, a bar su a gabanka na kusan awa biyu. Scola bai rage komai ba, har wasu na ganin ya wuce gona da iri. A ganina da gangan ya yi. Duk abin da Fosca ta aikata, bin mutum zuwa jirgin ƙasa, riƙe masa hannu a ƙarƙashin tebur, barazana da mutuwarta, an sha ganin kyawawan mata da kyawawan maza sun yi shi a finafinai ana cewa zafin so ne. Da aka cire kyan, sai abin ya fito da kamanninsa na takura da tilas. Mai kallo ya rasa inda zai tsaya: in ya ƙyamace ta, ya san fuskarta yake ƙyama, in ya tausaya mata, ya san tana danne wa bawan Allah haƙƙi. Hausawa sun ce son maso wani ƙoshin wahala, to a nan wanda ake so ɗin ma ya ƙoshi.

Clara ba ta fita da tsabta ba ita ma. Sonta mai ranaku ne, mai lissafi, kuma da aka zo zaɓi tsakanin Giorgio da gidan mijinta da ɗanta, gida ta zaɓa. Ba laifi ba ne, amma kusa da wadda ta zuba duk abin da ta mallaka a faranti ɗaya, sai nata ya zama kamar bashi da ake biya kaɗan-kaɗan.

Laura Antonelli ce ta fito a matsayin Clara, kuma ba a zaɓe ta a banza ba. Tun Malizia na 1973 Italiya ta ɗauke ta a matsayin ma'aunin kyau, Visconti ma ya sa ta a fim ɗinsa na ƙarshe, L'innocente, a 1976. Shekara 10 bayan fim ɗin Scola, a 1991, rayuwa ta juya mata baya: aka kama ta kan zargin hodar iblis, shari'ar da sai a 2000 aka wanke ta, sannan fuskarta ta lalace bayan wasu alluran gyaran fata da aka yi mata lokacin ɗaukar wani fim. Ta janye daga idon jama'a, ta rasu a Ladispoli a 2015. Wanda ya san wannan, kallon Clara na yi masa wani iri.

Fim ɗin ya shiga gasar Cannes a 1981, kuma D'Obici ta samu kyautar David di Donatello ta gwarzuwar 'yar wasa, babbar kyautar sinima ta ƙasar. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rufewar da Scola ya ƙara. Bayan shekaru, Giorgio ya lalace, yana zaune a wata mashaya yana ba da labarinsa ga wani wada. Wadan ya saurara, sannan ya fashe da dariya, bai yarda ba. Mutumin da ya fi kowa sanin abin da ake yi wa wanda halittarsa ta saɓa, shi aka bai wa hukunci, shi kuma ya ce tatsuniya ce. Scola bai ce ya yi daidai ba, bai ce ya yi kuskure ba.

A 1983 mawallafin waƙoƙin dandamali na Amurka, Stephen Sondheim, ya kalli fim ɗin, kuma ya sha faɗa cewa tun fitowar Fosca ya gane cewa labarin zai ƙare ne da Giorgio ya so ta. Ya riƙe abin a ransa kusan shekara 10, sannan shi da James Lapine suka mai da shi wasan kwaikwayo mai waƙa da suna Passion, aka buɗe shi a Broadway, cibiyar wasannin dandamali ta New York, a watan Mayu na 1994, Donna Murphy a matsayin Fosca. A shekarar ne kuma Lawrence Venuti ya fassara littafin Tarchetti zuwa Turanci. Sondheim ya yanke abin da Tarchetti ya mutu bai yanke ba. A wurinsa Giorgio ba kamuwa ya yi ba, koyo ya yi: ya gane cewa son da ba shi da kunya, ba shi da dalili, ya fi wanda ake tsara wa rana. Babu mashaya, babu wada. Ana rufewa da Giorgio a gidan jinya yana karanta wasiƙar Fosca ta ƙarshe.

Sai dai wadan bai tafi ba, kujera ya canza. A wasannin gwaji kafin buɗewa, 'yan kallo sun riƙa yi wa Fosca dariya, wasu har da tafi idan ta yanke jiki ta faɗi. Dole Sondheim da Lapine suka koma suka yi gyare-gyare, aka ƙara mata waƙar da take bayyana cewa son ba zaɓinta ba ne, don a sassauta zukata. Gyaran ya yi aiki a wurin alƙalai: wasan ya ci Tony, babbar kyautar wasannin Broadway, ta gwarzon wasa mai waƙa, Murphy ma ta ci tata. A wurin masu sayen tikiti kuwa, an yi wasa 280 aka rufe a farkon 1995. Aka kai shi Landan a 1996, Maria Friedman ta sa rigar Fosca, Michael Ball ya sa kakin Giorgio.