Me ake nufi da "wurin kariya" a dambarwar baƙin haure da makarantun Amurka?

Tun daga Janairun 2025 ake yawan jin batun "wuraren kariya" a labaran Amurka, musamman idan aka zo kan makarantu da 'ya'yan baƙin haure. Abin da ake nufi shi ne wasu wurare da gwamnatin tarayya ta umarci jami'anta na shige da fice su guji yin kame ko tambayoyi ko sa ido a cikinsu, sai da dalili mai ƙarfi. Makaranta ce kan gaba, tun daga ta renon yara har jami'a. Sai asibiti, da masallaci da coci da sauran wuraren ibada, da wurin jana'iza ko ɗaurin aure, da taron zanga-zanga.

Mutane da yawa sun ɗauka doka ce. Ba doka ba ce, majalisa ba ta taɓa zartar da ita ba. Takardar umarni ce ta cikin gida, wadda John Morton, shugaban hukumar ICE mai farautar marasa takardun zama, ya sa wa hannu a Oktoban 2011, zamanin Obama. Ko a lokacin ma an bar ƙofa: idan akwai barazana ga rayuka ko tsaron ƙasa, ko kuma manya sun amince tun farko, jami'i na iya shiga. Umarnin ya tsallake wa'adin Trump na farko ba a soke shi ba. A Oktoban 2021 Alejandro Mayorkas, sakataren tsaron cikin gida na Biden, ya faɗaɗa shi har ya haɗa da filin wasan yara, da wurin da ɗalibai ke jiran motar makaranta, da wuraren rabon abinci. To amma abin da sa hannun mutum ɗaya ya kafa, sa hannun mutum ɗaya ke rushe shi. Ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da aka rantsar da Trump karo na biyu, muƙaddashin sakataren, Benjamine Huffman, ya soke umarnin. Ma'aikatar ta ce masu laifi ba za su ƙara samun mafaka a makarantu da coci-coci ba, kuma ta bar wa jami'ai su yi aiki da hankalinsu.

Nan ne ake yawan cakuɗa abu biyu. Soke umarnin bai taɓa 'yancin yaro na zuwa makaranta ba, domin wannan 'yanci tushensa daban, kuma ya fi takardar ofis ƙarfi nesa ba kusa ba. A 1975 jihar Texas ta yi dokar hana kuɗin ilimi ga yaran da suka shigo ƙasar ba bisa ƙa'ida ba. Hukumar makarantun garin Tyler ta ɗora wa kowane irin wannan yaro dala 1,000 a shekara, kuɗin da leburan da suka zo daga Meksiko ba su da hanyar biya. Wasu iyalai suka kai ƙara da sunan aro. Ɗaya daga cikinsu ma sai da suka loda kayansu a mota ranar zuwa kotu, don suna ganin daga can za a iya tasa ƙeyarsu. Shari'ar, wadda ake kira Plyler da Doe, ta kai Kotun Ƙoli, kuma a Yunin 1982 alƙalai biyar cikin tara suka ba yaran gaskiya. Hujjar da mai shari'a William Brennan ya rubuta ita ce, gyara na 14 na tsarin mulki ya ba kowane mutum da ke cikin jiha kariya iri ɗaya a gaban doka, kuma bai kamata a hukunta yaro kan shawarar da iyayensa suka yanke ba. Har yau wannan hukunci ne ke aiki: makarantar gwamnati, daga firamare zuwa ƙarshen sakandare, ba ta da ikon korar yaro don ba shi da takardun zama.

Saura kuma tambayar da ta fi damun iyaye: idan jami'ai suka tsaya a bakin ƙofa fa? A nan magana ta koma kan takarda, kuma takardun iri biyu ne. Akwai warantin da hukumar ke rubuta wa kanta, fom mai lamba I-200 ko I-205. A samansa sunan ma'aikatar tsaron cikin gida ne, a ƙasansa kuma sa hannun jami'in shige da fice. Wannan ba ya tilasta wa shugaban makaranta buɗe aji ko ofis. Akwai kuma warantin kotu, mai ɗauke da sunan kotun da sa hannun alƙali da wurin da aka yarda a shiga. Shi kam ba a ja da shi. Shi ya sa hukumomin makarantu a birane irin su New York da Chicago da Los Angeles ke koya wa ma'aikatan da ke teburin karɓar baƙi abu kaɗan: kada a buɗe, a karɓi takardar, a duba wa ya sa hannu, a kira lauyan hukuma. Bayanan ɗalibi kuwa, irin su adireshi da sunan iyaye, wata dokar tarayya ta 1974 da ake kira FERPA ta taƙaita ba da su ba tare da izinin iyaye ko umarnin kotu ba. An ga wannan a aikace a Afrilun 2025, lokacin da jami'an tarayya suka je makarantun firamare biyu a Los Angeles suna neman ganin wasu yara, shugabannin makarantun suka hana su shiga. Ma'aikatar tsaron cikin gida ta ce duba lafiyar yaran suka je yi. Shugaban makarantun birnin na lokacin, Alberto Carvalho, wanda shi kansa ya taɓa zama a Amurka ba takardu bayan ya zo daga Portugal yana matashi, bai gamsu da wannan bayani ba.

A ganina raunin duk wannan shiri a waje yake. Ikon shugaban makaranta iyakarsa shingen makaranta. Titin da uwa ke tsayawa da mota ta ɗauki ɗanta na kowa ne, haka wurin jiran bas, kuma waɗannan ne umarnin 2021 ya yi ƙoƙarin rufewa. Ba sai an kama kowa a aji ba kafin aji ya rage. Jita-jita a WhatsApp ta isa. Wani bincike na Thomas Dee na jami'ar Stanford ya gano cewa fashin makaranta ya ƙaru da kashi 22 cikin 100 a wasu gundumomin tsakiyar California bayan samamen da jami'an shige da fice suka kai a farkon 2025. Alabama ma ta ga irin haka a 2011, da ta umarci makarantu su riƙa tambayar matsayin yara lokacin rajista, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da wannan sashe. Kuma da yawan yaran da ke fashin 'yan ƙasa ne da aka haifa a Amurka, iyayen ne ba su da takardu. Abin bai tsaya kan 'yan Latin Amurka kaɗai ba. Mutumin Afirka ta Yamma da ya shiga da biza ta ƙare masa, irin waɗanda ake samu a unguwar Bronx ta New York, shi ma wannan lissafi yake yi kowace safiya.

Da tarayya ta janye, sai jihohi suka rabu. California ta yi doka a 2025 da ta hana makarantu barin jami'an shige da fice shiga ba tare da warantin kotu ba, Illinois kuma ta wajabta wa makarantu tsara yadda za su tantance jami'an da ke neman shiga. A Tennessee kuwa akasin haka aka nufa: an kawo ƙudurin ba makarantu damar ƙin karɓar yara marasa takardu ko cajin su kuɗi, kuma masu ƙudurin ba su ɓoye cewa so suke a kai su ƙara har Kotun Ƙoli ta sake duba hukuncin 1982 ba. Majalisar dattawan jihar ta amince da shi, amma ya maƙale a majalisar wakilai a zaman 2025, saboda fargabar rasa tallafin ilimi da jihar ke samu daga gwamnatin tarayya.