Cymande

Cymande ƙungiyar makaɗa ce da aka kafa a birnin Landan a 1971, kiɗansu funk ne amma sun cakuɗa shi da jazz da reggae da calypso da ganguna irin na 'yan Rasta, su da kansu suna ce wa salon nyah-rock. Abokai biyu ne suka assasa ta, Steve Scipio mai jitar bes da Patrick Patterson mai jita, duka a Guyana aka haife su, tun suna yara aka kawo su Ingila. Akwai kuma Sam Kelly mai ganga, da Mike Rose mai busa, da Pablo Gonsales mai konga, yawancinsu 'ya'yan mutanen Karibiyan ne.

Furodusa John Schroeder ne ya ji su ya ɗauke su, a 1972 faifansu na farko ya fito a kamfanin Janus. Nan da nan waƙoƙin "The Message" da "Bra" suka samu karɓuwa a Amurka, suka zagaya ƙasar tare da mawaƙin Amurka Al Green, har suka yi wasa a zauren Apollo da ke unguwar Harlem a birnin Niyok, wurin da ba kowa ke samun hawa dandamalinsa ba. Sai faifai na biyu Second Time Round a 1973, na uku Promised Heights a 1974.

Abin takaicin shi ne gida. Suna dawowa Ingila sai ka ce ba su taɓa yin komai ba, rediyo ba ta sa su, talabijin ba ta gayyatarsu, don a lokacin masana'antar waƙa ta can ba ta ɗauki makaɗa baƙar fata 'yan ƙasa da daraja ba, ta fi son ta shigo da na Amurka. Mutanen da suka cika zaure a ƙetare ba za su yarda su koma ƙananan kulob suna roƙon a saurare su ba, kuma gaskiya suna da hujja. Wajen tsakiyar shekarun 1970 kowa ya kama gabansa.

Scipio da Patterson suka koma makaranta suka karanci shari'a suka zama lauyoyi, Scipio har ya yi aiki a ofishin antoni janar na tsibirin Anguilla. Mike Rose bai ajiye busa ba, ya yi shekaru a ƙungiyar makaɗin Ingila Jools Holland. Sam Kelly ma ya ci gaba da kiɗa, ya fi karkata ga blues.

Su suna kotu, faifansu kuwa yana aiki a Niyok ba su sani ba. A cikin "Bra" akwai wani wuri da kusan duk kayan kiɗa suke yin shiru, a bar bes da ganga kaɗai, to wannan gaɓar ce 'yan DJ na farkon hip-hop suka riƙa maimaitawa da faifai biyu matasa suna ta rawa. Daga baya ƙungiyar hip-hop ta De La Soul suka gutsuri waƙar suka sa a tasu, wata ƙungiyar kuma, Fugees, suka ɗauko "Dove" ta Cymande, waƙa mai kusan minti 11, suka gina waƙarsu "The Score" a kanta, mai shirya fim Spike Lee kuma ya sa "Bra" a fim ɗinsa Crooklyn na 1994.

Wannan ne ya jawo su suka sake haɗuwa da furfurarsu. A 2015 suka saki A Simple Act of Faith tare da tsohon furodusansu Schroeder, a 2022 aka nuna fim ɗin tarihinsu Getting It Back wanda Tim Mackenzie-Smith ya shirya, sannan a farkon 2025 sabon faifai Renascence ya fito, Scipio da Patterson ne dai ke jan ragamar ƙungiyar.