Laifin ƙin taimakon wanda ke cikin haɗari a dokar Sudan

A Sudan, ƙin taimakon mutumin da ya ji rauni, ko ya suma, ko yake gab da halaka laifi ne, ko da mai ƙin ba shi ya jefa shi cikin halin ba. Sashe na 75 na Dokar Laifuffuka ta 1991 ya tanadi ɗaurin da bai wuce wata uku ba, ko tara, ko duka biyun.

Ba kowane ɗan kallo doka ke kamawa ba. Sai wanda yake da ikon taimakawa, taimakon kuma ba zai jefa shi ko wani cikin haɗari ba, amma ya ƙi da gangan. A ce yaro ya faɗa kogi a Mai Wurno, ko cikin tur'a, wato magudanar ruwan gonakin Jazira. Wanda bai iya iyo ba, ba a ce ya faɗa ruwa ba. Amma in ga igiya ko gora a kusa, ga mutane da ihu ɗaya zai tara su, sai ya zaro waya yana ɗaukar bidiyo, to ya bar abin da yake iyawa. Wanda ya ruɗe ya rasa abin yi daban yake da wanda ya gani ya kau da kai, kuma wannan bambancin ne mai gabatar da ƙara yake shan wahalar tabbatarwa.

Akwai makamancin wannan hukunci a fiƙihun Malikiyya. Muhtasar na Halilu ya ɗora lamuni, wato alhakin biya, kan wanda ya bar ceton rai alhali yana iyawa, har da mai hana rarar abinci ko ruwa ga wanda ya matsu. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa wasu mutane biyan diyya saboda sun hana wani mutum ruwa har ya mutu.

Wata uku kaɗan ne ƙwarai idan aka dubi Faransa, inda irin wannan laifi ke kai shekara biyar da tarar Yuro 75,000. Ingila kuwa ba ta ɗora wa ɗan kallo wannan wajibi ba.

A aikace, abin da ke sanyaya gwiwar masu wucewa shi ne tsoron tambayoyin 'yan sanda da zirga-zirgar Urnik 8, takardar da likita ke rubuta raunin mutum a kanta. Wannan tsoro ba ya cikin uzurin da sashe na 75 ya ambata.