Furofozal: wanda ake nema a jami'a daban yake da na neman kwangila

Kalmar furofozal ta cika gari. Ɗan siyasa zai hau rediyo ya ce matasa su kawo furofozal a ba su jari, mai neman kwangila na yawo da nasa a hammata, mai shirin buɗe kamfani shi ma sunan da ya raɗa wa takardarsa ke nan. Duk wannan da sauƙi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ɗaliban digiri na biyu a fannin kasuwanci, musamman 'yan MBA, wato digirin gudanar da kasuwanci, ke kwaso wannan ma'ana ta kasuwa su shigo da ita aji ranar da aka ce su rubuta furofozal ɗin kundinsu, wato abin da masu rubutu da Hausa kan kira ƙudurin bincike.

Mai neman kwangila ya riga ya san amsa, sayar da ita yake yi: ku ba ni kuɗi kaza, zan gina kaza cikin wata kaza, ga ribar da za ku samu. Ƙudurin bincike kuwa neman izini ne na bin wata tambaya da kai kanka ba ka san amsarta ba, tare da nuna wa malamai cewa hanyar da ka zaɓa za ta iya kai ka ga amsar, ko ta yi maka daɗi ko ba ta yi ba. Babukan da ake jerawa, su shimfiɗa, bitar ayyukan da suka gabata, manufa da farfajiya, kowane sashe na jami'a yana da tsarinsa, ba sai na maimaita ba.

Tun daga take ake gane wanda ya ruɗe. Sai ka ga an rubuta: yadda tallan soshiyal midiya ke haɓaka ciniki. To, in ka san yana haɓakawa, me ya rage ka bincika? Kwatanta da wanda ya tambaya: shin kuɗin da ƙananan shagunan intanet ke kashewa a tallan Facebook da Instagram yana dawo da tsofaffin masu saye, ko sababbi kawai yake jawowa su saya sau ɗaya su ɓace? Wannan tambaya tana iya ba mai ita kunya, shi ya sa ta cancanci a ɓata mata shekara.

Akwai labarin da kusan duk ɗalibin gudanarwa ya haddace, amma ba kasafai ake kallonsa ta wannan fuska ba. A 1924 aka fara gwaji a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Chicago a Amurka, inda ake ƙera kayan tarho. Kamfanonin lantarki na cikin masu ɗaukar nauyin aikin, kuma kowa ya san abin da suke fata: a nuna cewa ƙarin haske na ƙara yawan aiki, don masana'antu su ƙara shan wuta. Sai abin ya ƙi tafiya yadda aka so. Labarin da ya yaɗu shi ne, an ƙara haske aiki ya ƙaru, an rage haske aiki ya sake ƙaruwa. Daga 1927 aka koma gwaji da mata biyar masu haɗa kayan tarho a wani ɗaki na daban, ana canja musu lokacin hutu da tsawon awannin aiki, daga baya Elton Mayo na jami'ar Harvard ya shigo ciki. Daga nan aka gina ra'ayin cewa ma'aikaci kan ƙara himma don kawai ya san ana lura da shi.

Sai dai fa duba yadda aka gudanar da aikin. Mutum biyar ne kacal. An canja musu tsarin biyan kuɗi a tsakiyar gwajin. An cire biyu daga cikinsu an kawo wasu. Wane ne zai rantse cewa kulawa ce ta ƙara aikin ba kuɗin ba? A 2011 masana tattalin arziki biyu, Steven Levitt da John List, suka wallafa nazarin ainihin alƙaluman gwajin hasken, waɗanda aka daɗe ana zaton sun ɓata. Suka gano cewa ranar Lahadi ake canja hasken, lokacin da masana'anta ke rufe, shi ya sa ake ganin aiki ya tashi ranar Litinin. Ashe ko an taɓa fitila ko ba a taɓa ba, aikin Litinin ya saba fin na ƙarshen mako. Shekaru sama da 80 ana koyar da abu, tushensa kuma ga yadda yake. Da a ce yau ɗalibi zai kawo irin wannan tsari gaban kwamitin da ya san aikinsa, tambayar farko da za a jefa masa ita ce: ta yaya za ka bambance tasirin haske da na ranar mako? Don a yi irin wannan tambaya kafin a fita fili ake rubuta furofozal, ba don a cika sharaɗin makaranta ba.

Shi ya sa a ganina babin hanyoyin gudanar da bincike ya fi komai nauyi, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kowa ya rubuta zai raba takardar tambayoyi mai matakan amsa biyar, daga cikakkiyar yarda zuwa cikakken ƙin yarda, irin ta Likert, wadda Rensis Likert ya fito da ita a 1932, ga mutum 384. Lambar nan daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 take, mai nuna yawan mutanen da ya kamata a tambaya a bincike, kuma sharaɗinta shi ne a zaɓo mutanen ta hanyar ƙuri'a daga cikin jama'a masu yawa. Wanda ya tura tambayoyinsa zaurukan WhatsApp na abokansa bai cika wannan sharaɗi ba, ko da mutum dubu suka amsa.

Haka zancen giɓi, wato abin da binciken baya bai amsa ba, wanda ɗalibi ke cewa nasa zai cike. Cewa ba a taɓa yin wannan nazari a kan kamfani kaza ba, ba hujja ba ce. Wataƙila ba a yi ba ne don babu abin ganowa. Giɓi na gaske shi ne inda manazarta biyu suka saɓa, ko inda wani ra'i ya yi hasashen abu amma kasuwa ta nuna akasinsa.

Sai kuma matsalar da ta keɓanta ga fannin kasuwanci: alƙaluman ciniki da na albashi sirrin kamfani ne. Ɗalibi zai tsara bincike a kan bayanan da babu manajan da zai buɗe masa, sai an amince da take, wata shida sun wuce, sannan ya gane. In kundinka ya dogara da bayanan cikin gida, ka nemi amincewar kamfanin a rubuce kafin ranar kare ƙudurin. In ba ta samu ba, ka karkata tambayar zuwa kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari, tunda su doka ta wajabta musu wallafa rahoton kuɗinsu na shekara.