Waiwaye: Yadda Ostireliya Ta Ƙwato Kasuwar Littafinta Daga Hannun Landan

Duk watan Agusta makarantun firamare na Ostireliya kan ware mako guda na littafi. Yara su yi shigar taurarin labaran da suke so, wani ya zo a matsayin maye, wata a matsayin dabbar daji, a kuma bayyana littattafan da suka lashe lambar majalisar littattafan yara ta ƙasar, wato CBCA. Wanda ya ga tulin sababbin littattafan da ke fitowa daga Sidni da Melbon a yau, na ƙanana da na matasa da na manya, sai ya ɗauka haka abin yake tun fil azal. Alhali an shafe fiye da shekara ɗari ana jan igiya a kan tambaya guda: wa ke da ikon buga littafi ya sayar wa mutanen Ostireliya?

Da farko amsar ita ce Landan. An dai buga littafin yara na farko a Sidni tun 1841, amma duk marubucin da ke son sunansa ya yi nisa sai ya naɗe rubutunsa ya ɗora a jirgin ruwa zuwa Birtaniya, ya zauna jiran watanni. Seven Little Australians na Ethel Turner, wanda har yau ake karanta wa yara, a Landan aka buga shi a 1894. Na Miles Franklin, My Brilliant Career, a Edinbara ya fito a 1901. Kamfanonin Birtaniya suna da wani bugu mai araha da suke yi musamman don ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkinsu, kuma kason da marubuci ke samu daga irin wannan bugu bai kai na bugun gida ba. Ka ga ke nan ɗan Ostireliya ya rubuta labarin ƙasarsa, 'yan ƙasarsa su saya, shi kuma a biya shi kamar baƙo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kamfani ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa, Angus & Robertson na Sidni, wanda aka kafa a 1886. Shi ya buga waƙoƙin Banjo Paterson a 1895, shi kuma ya fitar da littattafan yara na Norman Lindsay da May Gibbs a 1918, inda yaro ya ga itatuwa da dabbobin da ke bayan gidansu a cikin littafi, maimakon dusar ƙanƙarar Ingila. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya ƙara ɗaurewa. A 1947 masu buga littattafai na Birtaniya suka ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su sayi haƙƙin littafin Amurka ba sai an haɗa musu da dukkan kasuwannin daular. Ma'ana, kamfanin Melbon ba shi da damar zuwa Amurka ya sayi haƙƙin buga littafi don Ostireliya kaɗai, domin an riga an sayar da ƙasarsa a cikin buhu ɗaya da sauran. Najeriya ma tana cikin buhun, kuma duk wanda ya yi makaranta da littattafan Longman da Macmillan ya san yadda sunayen Landan suka mamaye kantocinmu. Wannan tsari bai rushe ba sai a 1976, kuma ba ƙarfin Ostireliya ne ya rushe shi ba, ma'aikatar shari'ar Amurka ce ta maka kamfanoni a kotu bisa zargin babakere.

A daidai wannan tsakanin ne aka dasa abubuwan da ake cin moriyarsu yanzu. An fara makon littafin yara a 1945, aka ba da lambar farko a 1946. Miles Franklin, wadda ta rasu a 1954, ta bar wasiyyar a kafa lambar ƙagaggen labari da dukiyarta, da sharaɗin labarin ya nuna rayuwar Ostireliya. Patrick White ne ya fara cin ta a 1957, kafin ya karɓi lambar Nobel a 1973. Gwamnatin firaminista Gough Whitlam ta ƙara kuɗin tallafa wa marubuta, sannan a 1974 aka amince a riƙa biyan marubuci wani abu duk shekara saboda littattafansa da ke ajiye a ɗakunan karatu na jama'a, tunda wanda ya ara ba zai saya ba. A ganina wannan ɗan ƙaramin tsari ya fi lambobin yabo amfani, don shi ke sa tukunyar marubucin da ba a san shi ba ta tafasa. An faɗaɗa shi zuwa ɗakunan karatu na makarantu a 2000, aka haɗa da littattafan intanet da na saurare a 2023.

Daga nan ƙananan kamfanoni suka yi ta tsiro. Mata biyu suka kafa McPhee Gribble a Melbon a 1975, suka fito da Helen Garner. Maɗabar jami'ar Queensland ta fito da Peter Carey. Wani ƙaramin kamfani a Adelaide ya karɓi Possum Magic na Mem Fox a 1983 bayan wasu sun yi ta maido mata da shi, ya zama ɗaya daga cikin littattafan yara da aka fi saye a tarihin ƙasar. Shekarun 1990 kuma na matasa ne, lokacin Melina Marchetta da John Marsden, waɗanda suka rubuta wa 'yan sakandare da irin bakin da suke magana da shi.

Inda labarin ya fi nauyi shi ne wajen 'yan asalin ƙasar. Lokacin da Turawa suka sauka a 1788 akwai harsuna kusan 250 a nahiyar, yau kaɗan ne yara ke tashi da su. An daɗe ana tattara tatsuniyoyinsu ana bugawa da sunan wasu. David Unaipon, wanda hotonsa ke kan takardar dala 50 a yanzu, ya tattara labaran mutanensa, aka buga su a 1930 da sunan wani Bature, sai bayan shekara saba'in aka maido da sunansa a kansu. Gudun irin wannan ne ya sa aka kafa Magabala Books a garin Broome a 1987, kamfanin da 'yan asalin ƙasar ke mallaka kuma suke juyawa, har yau yana fitar da littattafan yara masu ɗauke da kalmomin harsunan gida. Kim Scott ya ci lambar Miles Franklin a 2000, Alexis Wright ta ci a 2007 ta sake ci a 2024, Tara June Winch ta ci a 2020 da labarin da ta saƙa ƙamus na harshen Wiradjuri a cikinsa.

To me ke riƙe da kasuwar? Wata doka ce ta 1991. Idan kamfanin Ostireliya ya sayi haƙƙin littafi ya fitar da shi cikin kwana 30 da fitowarsa a waje, mai kanti ba shi da izinin shigo da bugun waje ya sayar. Idan littafin ya ƙare kamfanin ya kasa kawowa cikin kwana 90, ƙofa ta buɗe. Ribar da ake samu daga shahararrun littattafan waje ita ake cewa tana ɗaukar nauyin sababbin marubutan gida. Masana tattalin arziki ba su yarda ba. Hukumar da ke ba gwamnati shawara kan bunƙasar tattali ta ce a soke dokar a 2009, ta sake faɗa a 2016, hujjarta ita ce mai karatu ne ke biyan tsadar. Marubuta suka yi ca, ciki har da Carey da Thomas Keneally da Richard Flanagan, dukkansu masu lambar Booker ta Birtaniya, suna nuni da maƙwabciyarsu New Zealand da ta buɗe tata ƙofar a 1998. Doka ta tsira. Sai dai ba ta hana mutum ya yi odar kwafinsa daga waje ta intanet, don haka katangar ta riga ta yi ɓaraka.

Abin da ke damun mutanen harkar yanzu ba littattafan da ake shigowa da su ta teku ba ne, manyan kamfanoni ne ke haɗiye ƙanana. Tun a 1989 Penguin ta sayi McPhee Gribble, Angus & Robertson kuma ya narke cikin HarperCollins. A 2024 Simon & Schuster ta sayi Affirm Press, Hardie Grant ya ɗauke Pantera Press, babban kantin littattafai na intanet Booktopia ya durƙushe har sai da aka sayar da shi. A farkon 2025 Penguin Random House ta sanar da sayen Text Publishing na Melbon, ɗaya daga cikin kamfanoni masu zaman kansu da aka fi girmamawa. Masu sayen sun yi alkawarin barin editoci su ci gaba da zaɓen abin da suke so. A watan Yuli na 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe sabuwar hukuma, Writing Australia, don tallafa wa marubuta da masu bugawa.